Yadda Ake Ɗaura wa Amarilis Aure

Idan hunturun Ingila ya kulle ka a ɗaki, rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu, lambu ya daskare, to ga aikin yi: ka zama waliyyin fure. Ai sunan amarilis ma kaɗan ya rage ya zama amarya.

Sayi kawunan amarilis biyu, ja da fari. Kamar manyan albasa suke, don haka fara da jan kunnen mai girki, guba ne ga mutum da kyanwa baki ɗaya. Dasa kowanne a tukunya, ka bar kashi ɗaya cikin uku a waje, ka ajiye bakin taga inda akwai ɗumi, domin 'yan asalin Kudancin Amurka ne. Cikin mako 6 zuwa 8 za su yi fure.

Kowane fure na da tsinkaye shida masu garin rawaya a kai, da wani dogo guda a tsakiya. A furen amarya ka tsinke masu garin tun ba su fashe ba, kada ta ɗaura wa kanta aure kana barci. Sai ka zuba ido har bakin dogon ya buɗe gida uku, ya yi danƙo. Ta amince ke nan. Lakato garin ango da ɗan auduga, ka shafa a hankali. Babu goro, babu sadaki, amma ka rataya takarda da sunan uwa da uba, wallahi nan da shekara uku ba za ka tuna ba.

In aure ya karɓu, gindin furen zai kumbura. Bayan wata guda ko fiye ya yi rawaya ya tsage, ka ga iri baƙi, siriri kamar ƙonanniyar takarda. Ba ya jure ajiya. Zuba shi a kofin ruwa ya yi ta iyo har saiwa ta leƙo, sannan ka dasa.

Daga nan sai jira. Shekara biyu zuwa huɗu ganye kawai za ka yi ta shayarwa, baƙi na tambaya me ya sa ka tara albasa a falo. Zaunar da su, ka ba su shayi da labarin Arthur Johnson, maƙerin agogo a Prescot, wanda ya haɗa irin wannan aure a 1799. Furen da aka haifa, ja mai ratsin fari, har yau sunansa yake amsawa.