Tsegumi: Yatsu Uku da Takardar Yafiya

Ku matso kusa, wannan magana ba ta lasifika ba ce. Daga Sharaɗa ta fito, kuma wanda ya kawo ta ya rantsar da mu kada mu kama suna, saboda haka ko kun matsa ba za ku ji ba. Kamfani ne dai na leda da robobi, mai shi kuma Alhaji ne irin wanda ake gaisarwa a durƙushe. 'Yan kwanakin nan an ce ko abinci ba ya ci da kirki, direbansa ma ya gaji da zirga-zirga tsakanin masana'anta da ofishin lauya.

Abin ya faru ne a aikin dare. Akwai injin markaɗa roba da aka daɗe da cire wa murfi, wai murfin yana rage saurin aiki. Wani matashi cikin leburori ya sa hannu zai tura robar da ta maƙale, inji ya haɗa da yatsunsa uku na dama. Majiyarmu ta ce foman bai fara neman mota ba, waya ya fara nema. Manaja ya ɗauka cikin magagin barci, kuma abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne kada a kai yaron babban asibiti, can tambaya ta yi yawa. Sai aka naɗe hannun da tsumman goge inji, aka jefa shi a adaidaita sahu, aka nufi wani kemis da ke kwana buɗe. Sai da hannu ya kumbura ya fara wari sannan aka haƙura aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala.

Da ya ɗan murmure aka aika ƙauye aka kira mahaifinsa. Tsoho ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar ofis, aka nuna masa kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa.

"Baba, ai ka san ƙaddara ba ta wuce ranarta," in ji Alhaji.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Allah ya riga ya rubuta."

"To ga wannan, a sayi magani a rage zafi. Sai ɗan abin da manaja zai nuna muku ku sa hannu, don kawai a rufe fayil."

Ambulan ce mai ɗan kauri, amma an ce abin da ke ciki ko tsohon babur ba zai saya ba. Takardar kuwa da Turanci aka buga ta, babu wanda ya karanta wa tsoho ko ɗansa. Abin da ta ƙunsa shi ne sun karɓi ihsani, sun yafe, kuma ba za su nemi komai ba har abada a gaban kowace hukuma. Yaron ba ya iya riƙe biro, don haka manaja ya kama babban yatsansa na hagu ya dangwala a tawada ya manna. Tsoho ya yi godiya har da hawaye. Alhaji ya jefa takardar a durowa ya murɗa mukulli.

Abin da ba a lissafa ba shi ne yaron yana da ɗan kawu da ke aikin akawu a ofishin wani lauya. Ba a yi wata biyu ba sai ga wasiƙa. Alhaji ya ɗauko takardarsa da ƙarfin gwiwa ya kai wa nasa lauyan, shi kuwa ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai sai dai a ƙunshe ƙosai da ita."

Lauyan bai yi ƙarya ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Disambar 2010 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, ta toshe wannan ƙofa. Dokar ta ce ma'aikaci ba shi da ikon yin yarjejeniya da ubangidansa cewa ya yafe haƙƙin diyyarsa, kuma duk yarjejeniya irin wannan ɓatacciya ce tun daga tushe. Ko mai unguwa ne ya yi shaida, ko liman ne ya shafa fatiha, haka take. Kuɗin ambulan ya tashi a kyauta, haƙƙin yaro yana nan daram.

Tsarin da dokar ta kawo ba shi da wuyar ganewa. Duk mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Daga aljihunsa zai fitar, haramun ne ya yanka daga albashin ma'aikaci. Idan tsautsayi ya gitta, asusun ne zai ɗauki jinya da diyya. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan naira 700 ke nan. Mai leburori 50 a kan wannan albashi zai biya naira 35,000 a wata. Alhajin namu kuwa, masu kai masa gas ɗin janareto sun san abin da yake ƙonawa kafin azahar.

To me ya sa manaja ya ce a guji babban asibiti? Nan ne tsegumin yake da maiƙo. An raɗa mana cewa kamfanin yana da rajista da NSITF, har takardar shaida tana rataye a bango cikin gilashi. Dalilin neman ta kuwa kowa ya sani, ba a shiga neman kwangilar gwamnatin tarayya sai da ita, tare da ta fansho da ta asusun horas da ma'aikata. Sai dai baucan albashin da akanta ya kai wa hukumar, ma'aikatan ofis ne kaɗai a ciki: sakatariya, mai sito, kashiya, da 'yan uwan Alhaji biyu da ba sa zuwa aiki. Waɗanda ke tsaye a gaban inji daga magariba zuwa asuba babu sunan ko ɗaya. Su 'yan kullum ne, wai ba ma'aikatan kamfani ba ne, wani ɗan kwangila ne ke kawo su, shi ake ba kuɗi ya raba. Kai rahoton yatsun yaron daidai yake da kai ƙarar akanta.

Wannan dabara ta 'yan kullum ta zama ruwan dare daga Bompai har Challawa, kuma masu yin ta suna jin sun fi doka wayo. Da sun zauna an karanta musu yadda dokar ta fayyace wane ne ma'aikaci, da sun rage fara'a. Ta haɗa da na dindindin, da na wucin gadi, da mai aikin rabin rana, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki kawai babu takarda. Ɗan kwangilar leburori ma ba garkuwa ba ne, domin dokar ta ɗaure shi da mai kamfanin a igiya ɗaya wajen biyan kuɗin asusu. Waɗanda aka cire su ne sojoji.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ci wa Alhaji tuwo a ƙwarya. Ma'aikacin da ya ji rauni, ko wani nasa, yana da kwana 14 ya sanar da ubangidansa. Ubangida yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma, in kuwa rasuwa ce nan take. Ƙin kai rahoton laifi ne mai zaman kansa. Shi kuma mai neman diyya yana da shekara ɗaya ya shigar da buƙatarsa, ana iya ɗaga masa har shekara uku in akwai ƙwaƙƙwaran uzuri. Wato kwanakin Alhaji bakwai sun ƙone tun yaro yana kwance a Dala, shi kuwa yaro lokacinsa yana nan da saura. Kuma zaɓi a hannunsa yake: ko ya bi asusu, ko ya maka kamfani a kotu, amma ba duka biyu ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a nan Kano, ba sai an hau motar Abuja ba. Lauyan da ya ji labarin murfin injin da aka cire, ku da kanku kun san wace hanya zai nuna wa yaro. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk wani sashen inji mai haɗari, kuma akwai leburori da dama da suka ga ranar da aka kwance murfin aka jingine shi a bayan sito.

Kada a ce mun yi wa masu kamfani rashin adalci, bari mu faɗi abin da suke faɗa in sun haɗu a ɗaurin aure. Cewa suke, mu zuba kuɗi a ina? A wurin da gara ke cin takardu? Ba su ƙirƙiri zancen ba. A watan Agustan 2022, a gaban kwamitin Majalisar Dattawa mai bin diddigin kuɗin gwamnati, aka tambayi NSITF baucocin kuɗi sama da naira biliyan 17 da aka fitar tun 2013, sai aka ji batun cewa ruwan sama ya daki inda aka ajiye takardun, wataƙila ma gara ta yi musu ɓarna. Ƙasa ta ɗauki dariya, daga baya hukumar ta fito tana cewa ba a fahimce ta ba. Kafin nan, a 2020, Shugaba Buhari ya dakatar da shugabannin hukumar bisa zargin almundahana. Duk wanda ya ji waɗannan ya damƙe aljihunsa, ba za mu ce ya haukace ba.

Amma fa mu a wannan shafi ba mu yarda gara ta zama mafaka ba. Wanda ya ƙi biyan asusu don yana tsoron a cinye, da sai mu ga ya ware kuɗin a gefe yana yi wa leburansa jinya ta mutunci. Ba haka muke gani ba. Kemis muke gani, da ambulan, da tawada. Alhazan nan da yawansu sun zauna gaban malamai, sun san cewa a fiƙihu diyyar yatsa ɗaya raƙuma goma ce. Ba cewa muke hukuncin inji da na wanda ya sare yatsan wani ɗaya ba ne, wannan na malamai ne. Muna dai mamakin yadda mutum zai san wannan farashi, sannan ya miƙa kuɗin da bai kai na tunkiya uku ba yana jiran a gode masa. Kuma mutanen Kano ba su manta da 2020 ba, lokacin kullen korona, da 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata fiye da 100 da aka kulle a ciki suna aiki. Tun daga lokacin kunnuwa suka buɗe, lebura ya san akwai inda ake kai kuka.

Abin da asusun ke biya ma ya wuce tunanin ambulan. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba ya iya aiki, dokar ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, iyalinsa ma kashi 90 ne. Haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki. Kurumtar da ƙarar inji ke jawowa tana ciki, haka cutar da aka ɗauka daga ƙura ko sinadari, abin da masu aikin jima da fenti suka fi kowa sani.

Wata Hajiya mai gidan burodi, ita ma ba za mu kama suna ba, injin kwaɓa fulawa ya karya wa yaronta hannu. Ita da kanta ta tuƙa shi asibiti. Da ta dawo ta sa aka ɗauki hoton injin yadda yake, aka rubuta rana da lokaci a littafin da take ajiyewa don irin wannan, mutum biyu da suka gani suka sa hannu. Washegari fom yana ofishin hukuma, duk rasit na magani kuma tana tara shi a leda guda. Da hannu ya fara warkewa ba ta sallame shi ba, ta mayar da shi kan teburin ƙirga burodi. 'Yan uwanta masu gidajen burodi suna ta yi mata dariya, wai ta tono wa kanta 'yan bincike. Fayil ɗin yana tafiya, za mu ji yadda zai ƙare. Abin da muka tabbatar shi ne mahaifiyar yaron har yau tana aiko mata da kuka da daddawa, kuma babu lauyan da ya san ƙofar gidanta.

Saura ku manyan unguwar Nasarawa da ke karanta wannan kuna murmushi don ba ku da masana'anta. Dokar nan ta ambaci mai aikin gida ƙarara, matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Kuku da tukunyar gas ta fashe masa, da maigadin da ƙyauren ƙarfe ya faɗo wa, da direban da kuka aika Kaduna cikin dare, duk ma'aikata ne. An fara raɗa mana labarin wani gida mai jan ƙyaure inda mai wanki ya faɗo daga bene wajen shanya labule, kuma wai tuni uwargida ta aika a buga mata irin waccan takarda. Muna nan muna bin sawu.