Mukan Taya Tumatir, Mu Kasa Taya Kuɗin Sabis

Mu mutanen Hotoro zuwa Tarauni da Gyadi-Gyadi ba a fin mu iya ciniki. Magidanci zai tsaya a kasuwar Tarauni ya yi ta tayin kwanon tumatir, mai kaya yana cewa albarka, kuma ba zai ɗaga ba sai an yi masa gyara. Amma ranar da ya kai motarsa sabis a kamfanin dillancin motoci, aka zaunar da shi a ɗaki mai sanyi, aka miƙo masa doguwar takarda, ƙasanta kawai idonsa ke sauka. Ya ga jimla, ya haɗiye yawu, ya tura kuɗi, ya ce Allah ya amfana. Ƙorafin sai da daddare a majalisa, gaban mai shayi.

A nan za ka ji yana cewa, "Wallahi Alhaji, juye kawai na je yi, ka ga abin da suka rubuto mini." Na kusa da shi ya ce, "To Malam, ka tambaye su na mene ne?" Sai ya ce, "Haba, a gaban mutane?" Wannan amsar ita ce tushen matsalar. Muna jin nauyin a ga babban mutum da babbar riga yana bin lissafi layi-layi, kada yaran wurin su ce motar ta fi ƙarfinsa. Masu rubuta lissafin kuwa sun san wannan hali namu sarai.

To bari mu karanta takardar tare. Baƙin mai da filtarsa da kuɗin aiki, waɗannan su ne sabis. Sai ka ga an jero wankin cikin inji, wankin nozul, wankin esi, alaimen, jona mota a kwamfuta, da wani layi na kuɗin tarkacen aiki, wato tsumma da girisi da sabulu. Akwai ma inda ake cajin hura taya da iskar naitirojin, alhali iskar da mai faci ke hurawa a bakin titin Maiduguri kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ce. Alaimen yana da lokacinsa: idan mota tana ja gefe, ko taya tana cinyewa ta ɓari ɗaya, ko an faɗa rami mai zurfi. Motar da ke tafiya sambal ba ta bukatarsa a kowane juye. Fulogi irin na iridiyom kan kai kilomita 100,000 bai gaji ba, amma sai a canza shi tun yana da sauran ƙarfi. Corolla mai inji 1.8 lita 4 da 'yan kai na baƙin mai take sha. Idan an caje ka galan mai lita 5, ragowar taka ce, a sa maka a but.

Kada kuma mu zalunci masu sana'a. Ba kowane ƙari ne cuta ba. Ƙurar hunturun Kano gaskiya ce, filtar iska a nan tana toshewa da wuri fiye da ta ƙasashen da aka ƙera motocin. Idan aka zaro ta ka ga ta yi jajir da ƙura, canza ta shi ne daidai. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 doka ce tun Fabrairun 2020. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki farashin naira a watan Yunin shekarar, baƙin mai da kayan gyara da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Tsada daban, cushe daban. Abin da ke raba su shi ne littafin motar, wanda kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta abin da za a canza da kilomitar da za a canza shi. Garantin sabuwar mota ma a kan wannan jadawalin ya rataya. Littafin yana nan cikin aljihun gaban mota, da yawanmu ba mu taɓa cire shi daga leda ba.

Mafi yawanmu dai 'yar Kwatano muke hawa, garejin unguwa muke zuwa, ƙarƙashin darbejiya. A can kuma halinmu juyawa yake yi. Mutumin da ya yi shiru a kamfani, shi ne zai tsaya a kan bakanike ya ce, "Haba Oga, ɗan wannan aikin?" Bawan Allah ya yini kwance a ƙarƙashin mota, baƙin mai har gwiwar hannu, ga yara masu koyon aiki da zai sallama, amma a kuɗin aikinsa muke nuna gwanintar ciniki. Da yake ya san ba za mu biya guminsa ba, sai wani ya ɓoye ladansa a cikin kuɗin kaya. A tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo Beljiyam, a rubuta kuɗin sabo. Wannan ha'inci ne, babu wani suna da ya fi dacewa da shi, amma da hannunmu a cikin rainonsa. Haka nan mai aiken direba da mota ba tare da ya nemi rasit ba, ya buɗe ƙofar la'ada tsakanin direba da gareji, kuma daga aljihunsa za ta fita.

Gyaran a hannunmu yake, kuma ba ya bukatar faɗa da kowa. Kafin a taɓa sifana, a rubuto maka abin da za a yi da kuɗinsa, ka ce duk abin da aka gano daga baya a kira ka tukuna. Idan an ce wani abu ya lalace, ka ce a nuna maka. Duk abin da aka cire a zuba maka shi a leda ka tafi da shi. A buɗe galan ɗin mai a gabanka. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, kuma idan bakanike ya faɗi gaskiyar kuɗin kaya, ka biya shi aikinsa da daraja ba tare da ja-in-ja ba. Wanda aka cuta a fili yana da wurin kai kuka: dokar 2018 da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta wajabta bayyana wa mai saye farashi, kuma Jihar Kano tana da tata hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya.

Maƙwabta, matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar lissafin kuɗinka ba ta rage maka girma. Mu karanta takarda kafin mu biya, mu kuma biya mai gaskiya cikakken haƙƙinsa.