Masu Raɗa Suna a Ɗakin Saba

Linux tana da wata doka da ba ta jin magiya: sunan ƙofar sadarwa, ko ta gaske mai waya, ko gadar da ake jona wa kwamfutocin cikin kwamfuta, ba ya wuce harafi 15. A rubuce iyakar, wato IFNAMSIZ, 16 ce, amma gurbin ƙarshe na sifirin da ke rufe sunan ne. A nan ake gane halin masu kula da saba.

Akwai maroƙi. Shi ba ya raɗa suna, kirari yake yi. Gada guda ce zai haɗa, amma sai ya kira ta gadar-ofishin-akanta-bene-na-biyu. Na'ura ta ƙi, ya cire "na-biyu" cikin ɓacin rai, ta sake ƙi. Da la'asar za ka same shi yana cire wasula ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan abin da shi ma gobe ba zai iya karantawa ba.

Kishiyarsa marowaci ne: b1, b2, b3. Bai taɓa cin karo da dokar ba. Ranar da ya tafi hutu kuwa, ofis gaba ɗaya na neman wacce ce ke kai wa intanet.

Wanda nake tausayi shi ne mai tawakkali, wanda ya bar wa na'ura raɗin suna. Tun da systemd ta kawo sabon tsarin sunaye a fitowarta ta 197, a 2013, katin sadarwa yakan ɗauki suna daga inda aka soka shi, kamar enp0s3. Na USB kuma sau da yawa enx ne da lambobi 12 na adireshin MAC, wato 15 cif. Bawan Allah ya zo raba layi da VLAN, ya liƙa .100 a ƙarshe, suna ya zama 19. Ya duba waya, ya sake kunna saba, ya zargi mai sayar da kati. Bai yi laifin komai ba sai rashin ƙirga. Su Docker sun ƙirga: sunan gadojinsu br- ne da harafi 12, ba ƙari.

Dattijo ɗan gargajiya ba ya shiga wannan rigima. Ya sa net.ifnames=0, eth0 ɗinsa ta dawo, yana kallon yara yana murmushi. Ba ya son a tuna masa dalilin da ya sa aka bar tsohon tsarin: saba mai kati biyu takan tashi eth0 da eth1 sun yi musayar wuri.

Sai namu, mai kishin ƙugiya. Ya rubuta ƙofar-ɗakin-oga, ya ƙirga da yatsa, 15 daidai. Ashe bayit ake ƙirgawa, kuma a UTF-8 ƙ da ɗ kowanne biyu yake ci. Jimla 17. Yanzu yana ganin an yi wa Hausa maƙarƙashiya.

Malam mai karatu ya san cewa tun Linux 5.5, a 2020, akwai altname, laƙabin da ke kai harafi 127. Ya je ya gaya wa maroƙi.

"Haba Malam, tun da can ka yi shiru?"

Maroƙi ya mayar da kirarinsa duka, har da sunan unguwa. Sai da ya buɗe wata tsohuwar manhajar tacewa ya tarar ita ainihin sunan kawai ta sani.