Ta'aziyyar Daular Nokia

Malaman tarihi sun yi ittifaƙi cewa babu daular da ke dawwama, amma da wuya a sami wadda ta rushe alhali kayanta suna nan garau, in ban da Nokia ta ƙasar Finlan. A wajen 2007, cikin kowace waya goma da ake sayarwa a duniya kusan huɗu nata ne, kuma duk wanda ya riƙe 3310, wadda in ta faɗi sai a yi wa siminti jaje, ko 1100 mai tocila, ya san ba da alfarma ta hau gado ba.

Da iPhone ta bayyana a 2007, Android na biye, jama'a suka koma shafar gilashi, sai magabatan Nokia, maimakon ijtihadi, suka yi ta taƙlidi ga manhajar Symbian, daga bisani a 2011 suka yi wa Windows Phone mubaya'a, limamin da bai taɓa cika sahu ba. Samsung ya karɓe rawani a 2012, Microsoft ya saye sashen wayoyin Nokia a 2014. Abin izina kuwa shi ne, Bani Adama sun gwammace wayar da ke suma kafin la'asar, muddin dai za ta ɗauki hotonsu.