Wasiƙa Zuwa ga Tantanin Ido

Ya kai tantanin da ke gaban baƙin ido,

Kaurinka rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, ba ka da jijiyar jini ko ɗaya, amma duk wanda zai tsallaka Titin Zariya a Gyadi-Gyadi ya shiga Asibitin Malam, ta cikinka yake hango motar da ke tafe. In ana zancen ciwon sukari, ƙafa ake ambata, da ƙoda, da can bayan ido inda jini kan tsiyaya. Kai ba a cika tunawa da kai ba, kuma abin yana damuna.

Allah ya ajiye wa kowace ƙwayar halittarka umarnin mutuwa idan ta tsufa ko ta lalace. Akwai ƙwayoyin gado masu tura ta ga ajali, irin su Bax, akwai masu riƙe ta, irin su Bcl-2. Idan sukari ya daɗe yana hawa, har ya yi yawa a ruwan cikin ido da kake ci daga gare shi, sai masu turawar su rinjayi masu riƙon. An ga haka a binciken da aka yi kan dabbobi. Fatarka ta waje, wadda kan sabunta cikin kwana 7 zuwa 10, sai ta yi nawar warkewa. Shimfiɗarka ta ciki kuwa, mai tsotse ruwa don ka zauna garau, abin da ya mutu a cikinta ya tafi ke nan.

Jijiyoyinka na ji su suka fi tayar min da hankali. Da wuya a sami inda ya kai ka saurin jin zafi a jikin ɗan Adam, ga shi sukari yana cinye su sannu a hankali. Hunturu ya kama, ƙurar Tarauni ta karce ka, dattijo mai sukari bai ji komai ba, yana ta murza ido da gefen rawani. Ranar da ya fara ganin dishi-dishi sai ya nufi kemis, a miƙo masa maganin ɗigawa mai sitiroyid, wanda kan ƙara rura gyambo idan ƙwayar cuta ta riga ta shiga.

Tunda ba ka iya kai kuka, zan roƙa maka: mai sukari ya kai ka wurin likitan ido ko sau ɗaya a shekara, ko da ba ka ciwo. Likita zai ɗiga maka ruwan rini ya haska da shuɗiyar fitila, duk inda ka kuje ya fito kore shar, a fara magani tun gyambo bai huda ka ba.

Wassalam.