Koren Allo

Akwai wata cuta da ke kama masu irin aikina, ni kuwa ta daɗe da yi mini kamun kazar kuku: in allo ya ce lafiya lau, ko mutum zai dafa Alƙur'ani ya ce ba lafiya, maganar allon nake ɗauka.

Aikina gadin manhaja ne a wani kamfanin hada-hadar kuɗi mai masu POS a ƙasar Gumel, daga cikin gari har Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari. Ba ni na rubuta manhajar ba, ni dai in ta yi tari ni ake kira. Muna da Prometheus, wadda aka fara ƙerawa a kamfanin SoundCloud a 2012. Ita ce ke zagaya manyan kwamfutocinmu bini-bini tana tambaya: ma'ajiya ta kusa cika? Buƙata nawa ta shigo, nawa ta faɗi, cikin daƙiƙa nawa aka amsa? Sai Grafana, wadda wani ɗan Suwidin mai suna Torkel Ödegaard ya fitar a 2014, ta zana amsoshin a allo, kore da ɗorawa da ja. Kafin su na yi zama da Nagios, tsohuwa mai mita, wadda ko kwamfuta ta yi atishawa sai ta tashe ka tsakar dare.

Koren nan shi ya gama da ni. Ana sallame Asuba, kafin in gama addu'a hannuna ya tafi aljihu. A wurin ɗaurin aure ana "a yi Fatiha", ni ido ɗaya yana kan waya. Uwargida ta ce da kishiya ce aka yi mata, aƙalla da an raba kwana.

Ranar da aibina ke fitowa fili ita ce Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Kara ta cika da shanu da raƙuma da tumakin da aka koro daga Nijar, manyan motoci na lodi zuwa Kudu, kuɗi na yawo daga waya zuwa waya. Kawuna dillali ne a can, kuma tunda ya ji "kwamfuta" ce sana'ata, duk tiransfar da ta maƙale a Jigawa laifina ce.

"Kai yaro, an sayar da bijimi, an cire wa mutum kuɗinsa, alat bai shigo ba. Ga mai shi ya riƙe igiya ya ƙi saki."

"Kawu, ai nan komai kore ne."

"Koren me? Damina ce ta sauka a ofishin naku?"

Abin haushin shi ne allon bai yi ƙarya ba, kuma na fi kowa sanin dalili. Na'urorin awon suna zaune ne kusa da kwamfutocin a Legas, abin da ya iso gare su kawai suke ƙirgawa. Buƙatar da ta mutu a Maigatari saboda gas ɗin ƙarfen sabis ya ƙare ba ta taɓa isa Legas ba, balle a rubuta ta cikin waɗanda suka faɗi. Kai, in rabin kasuwa ya rasa sabis, kwamfutocin hutawa suke yi, amsarsu ta ƙara sauri, allona ya ƙara kyau. Ga kuma yaudarar matsakaicin lissafi: mutum 95 su sami amsa cikin daƙiƙa ɗaya, biyar su jira minti guda, allo ya rubuta daƙiƙa huɗu, ni kuma in gyara zama. Kashi 99.9 cikin ɗari da muke tinƙaho da shi a taro ma yana nufin kusan awa tara na mutuwa a shekara. In awa taran nan suka faɗo a Alhamis ɗin jajibirin Babbar Sallah, je ka karanta wa mai rago alƙaluman.

Duk wannan ni nake koya wa yaran da muke ɗauka aiki, har da zane a allo. Ina dawowa kujerata sai in koma gidan jiya.

A Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, kowa ya koma tiransfa, ƙararrawar wayata ta yi ta kuka ba dare ba rana. Maganin da na yi shi ne na ɗaga ma'aunin da ke sa ta kuka. Abin da da yake ja ya koma ɗorawa, na sami barci. Masu POS dai ba su samu ba.

Mafi munin abin da zan faɗa kuwa ya faru ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, kuma Alhamis ce. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, allona ya yi jawur daga sama har ƙasa. Wallahi daɗi na ji. Ranar ce kaɗai Kawu da allo suka yi magana da baki ɗaya, ga shi laifin yana can ƙasan teku inda ba mai cewa in je in gyara. Ni na fara kiransa ma, ina yi masa bayani da murya irin ta masana.

Daga baya na yi gyara, kada a ce ban yi ba. Na sa ƙararrawa ta riƙa kuka in cinikin Maigatari ya yi ƙasa sosai da na Alhamis ɗin da ta wuce, don shirun ma ya zama alama. Na kuma buɗe wani ɗan akwati a gefen allon, inda ake shigar da ƙorafin masu POS, in ya taru ya koma ja.

Makon jiya Kawu ya kira yana faɗa. Na ce, "Kawu, yi haƙuri, riƙe wayar." Na shigar da ƙorafinsa da hannuna, na jira akwatin ya sauya launi, sannan na ce masa lallai akwai matsala.