Alƙalan Ƙarshen Shekara

Da zarar Disamba ta raba, hunturu ya fara fasa leɓe, sai kowa ya zama alƙali. Ba a naɗa shi ba, ba a rantsar da shi ba, amma ga shi a bencin mai shayi ya harɗe yana yanke hukunci: waƙar wane ce ta bana, fim ɗin wane ba a yi kamarsa ba. A shagon aski haka, a gidan biki haka, har a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan aji, wanda aka buɗe don zumunci aka ɓige da jifan juna da magana. Na daɗe ina zama a waɗannan kotuna, yau ɗan kallo, gobe wanda ake tuhuma, har na gane cewa kafin mutum ya gama faɗin gwaninsa ya riga ya tona halinsa.

Akwai Kawu. A wurin Kawu waƙa ta rasu a 1999, aka binne ta a Daura tare da Alhaji Mamman Shata. Ka ce, "Kawu, wace waƙa ce ta fi burge ka a bana?" Zai ce Bakandamiya. Ka ce, "Kawu, ta bana fa nake nufi." Zai ce ai a bana ya sake jin ta, kuma ta ƙara daɗi. Daga nan sai a buɗe zaman makoki: Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos ya ajiye kuntigi a 2015, an bar mu da yaran da ke shiga ɗaki su kaɗai da kwamfuta su fito da waƙa, ba kalangu, ba kotso, ba 'yan amshi, muryar ma inji ne ya goge ta. Rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ba a iya kayar da shi. Sai dai ranar kamun 'yarsa, yana zaune a ƙofar gida da abokansa ya haɗe rai, kiɗan fiyano na tashi daga ciki, na sa wa ƙafarsa ta dama ido. Ƙafar nan ba ta cikin masu makoki.

Kishiyar Kawu shi ne yaron da shekararsa mako biyu ce. Waƙar da ta fito shekaranjiya ita ce ta shekara. Wadda ya hana unguwa barci da ita a watan Maris kuwa, in ka tuna masa sai ya ce, "Haba Yaya, wannan ai tsohon yayi ne."

Sai Mai Lamba, wanda ba da kunne yake sauraro ba. Bai taɓa cewa waƙa ta yi daɗi ba, sai dai ta yi miliyan kaza a YouTube. In ka ce kai ba ta burge ka ba, sai ya juyo maka fuskar waya, wai mutum miliyan ba sa yin kuskure tare. Mutumin da ya sha kaɗa ƙuri'a ne fa yake faɗin haka.

Ɗan jam'iyya ba ya wahalar da kowa. Waƙar shekara ita ce wadda aka yi wa ubangidansa, ko Rarara ne ya rera ta ko wani ɗan unguwa mai neman na cefane. Ranar da ubangida ya sauya sheƙa, a daren za a wanke memori tas.

Wanda budurwa ta yi aure ta bar shi kuwa, a yi masa uzuri. Zaɓinsa ba ya wuce Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, waɗanda ya yi imani shi suka yi wa waƙoƙinsu tun kafin ma ya haɗu da yarinyar. Ba sai ka tambaye shi ya jiki ba, dubi abin da ya ɗora a WhatsApp da ƙarfe biyun dare.

Amma sarkinsu duka, wanda na fi shan wuya a hannunsa kuma na kasa rabuwa da shi, shi ne Mai Ba Da Labari. Wannan ba a tambayarsa fim ɗin da ya fi so sai an ci abinci, an yi salla, an sallami iyali. Baƙo ne kawai ke faɗa wa tarkonsa, ta hanyar furta kalmomi uku: "Ban kalla ba." Nan take za ka ga ya ajiye kofin shayi, ya gyara zama, ya naɗe hannun riga. "Kai! Ashe ba ka kalla ba? To bari in ɗan gutsura maka." Gutsuren nan ya fi fim ɗin tsawo.

Ba daga farkon fim yake farawa ba, daga yadda ya samo shi yake farawa. Ya je wurin mai turi, aka ce memori ya cika, sai da ya goge hotunan bikin ƙanwarsa. Ya dawo gida, ana tsakiyar faɗan farko caji ya ƙare. Sai an wuce duk wannan sannan a shiga labari, kuma a nan ne za ka gane sunan kowa ya ɓace masa. "Sai wannan ya zo ya sami wannan, ya ce masa ina wannan? Ashe wannan ɗin ƙanin wancan ne." In ka ce wane wannan, sai ya ji haushi. "Bos ɗin mana! A'a, ba babban bos ba, yaronsa mai gemu." Shi ne jarumi, shi ne bos, shi ne doki, shi ne ƙarar takobi, shi ne kiɗan da ake sakawa in za a yi kisa. Duka kuwa a jikinka ake gwada shi. In jarumi ya shaƙe bos, wuyan rigarka ne zai ba da shaida. In kuma an zo wurin waƙa, ba ya tsallakewa. Zai rera ta maza, ya siranta murya ya rera ta mata, mai shayi na kallon ku.

Yana da alkawari guda da bai taɓa cikawa ba: "Ba zan ɓata maka ƙarshen ba." Numfashi ɗaya bayan haka sai ka ji, "Amma dai ka sa ido a kan matar baban, ita ce ta zuba gubar." Kashin farko na fim ɗin Indiya Baahubali ya fito a 2015, na biyu a 2017. Duniya ta shekara biyu tana jiran ta ji dalilin da ya sa Kattappa ya kashe ubangidansa. Shi kuwa ranar da fassarar Hausa ta shigo hannunsa, kafin magariba ya warware wa unguwa guda, har da waɗanda suka toshe kunne.

Da can akwai sauƙi, domin fim na da ƙarshe, in ka daure awa uku ka tsira. Tun da fina-finai masu dogon zango suka karɓe kasuwa, su Labarina da Izzar So da suka fara a 2020, masifar ta zama ba ranar ƙarewa. Kuna zango na huɗu sai ya dafe kai. "Au! Na manta ban gaya maka ba, tun a zango na biyu uban ya mutu." Sai a koma baya. In aka kira salla, kada ka yi murna. Kuna sallamewa, kafin ka sa takalmi na biyu, za ka ji murya a kafaɗarka: "To, ina muka tsaya?" Bayan ya cinye maka yamma guda, sai ya rufe da cewa, "Amma fa sai ka kalla da kanka, abin ba ya faɗuwa." Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, sau da yawa nakan je in kalla ɗin, in tarar fim ɗin bai kai labarinsa daɗi ba.

Tsohon ɗan silima na nan shi ma, wanda ya yi zamanin Plaza da Marhaba da El Dorado a Kano. Fim ɗinsa na bana Sholay ne, kamar yadda ya kasance bara, ko da yake tun 1975 aka yi shi. Bai taɓa jin Indiyanci ba, amma ya rantse fassara ta lalata ma'ana. Ka ce masa Sanjay Dutt, bai san shi ba. Ka ce Ɗan Daba Mai Lasin, sai ya miƙe tsaye.

Ga kuma ɗan bokon da ya fi ƙarfin na gida. "Ni fa rabona da fim ɗin Hausa tun Sangaya." Gwaninsa na 2023 Oppenheimer ne, fim mai awa uku, wanda ya kalla kashi-kashi, barci na raba tsakani. Da aka zaɓi fim ɗin Mai Martaba a 2024 ya wakilci Najeriya a gasar Oscar, sai ga shi yana cewa dama shi ya daɗe yana faɗa akwai basira a Arewa. In gardama ta tashi kan wani shiri na Arewa24, shi ne zai gyara wa kowa wa ya auri wa, sannan ya yi saurin ƙarawa da cewa madam ce ke kallo, shi wucewa kawai yake yi. Wucewa mai tsawon awa guda, duk mako.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne Mai Jeri. Tun Nuwamba yake zama da takarda yana tsara gwanaye goma, yana gogewa yana sakewa. Zai sa Narambaɗa a sama don a san ya san asali, ya sa Aminu Ala a tsakiya don a san yana son hikima, ya jefa wani mawaƙin Mali mai garaya a ƙasa don a san ya ga duniya. Waƙar da yake rerawa a banɗaki kuwa, wadda wani mai adaidaita sahu ya ɗura masa a dole daga Kabuga zuwa Bata, ba ta cikin goman. Wannan kada a matsa masa. Mutumin kirki ne, har rubutu yake yi a mujalla.

Alƙalin da na fi yarda da shi mace ce, Gwaggo. Ba ta san sunan mawaƙi ba, ba ta san sunan waƙa ba. "Wannan dai ta bikin gidan su maƙwabta, wadda amarya ta kasa zama." Ma'auninta guda ne: da DJ ya saka ta, kujeru nawa suka rage da mutane a kai? Da wannan ma'auni ta zaɓi Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da matan aure suka riƙa taka ta a gaban mazajensu ana ɗauka a waya. Da shi ta zaɓi Warr ta Ado Gwanja a 2022. Ba ta taɓa buɗe YouTube ba, kuma har yau Mai Lamba bai kama ta da kuskure ba.

Duk waɗannan ina son su, kuma majalisar da ba su ba ta zaunuwa. Akwai guda ɗaya tak da ba na yi wa dariya.

Ba malamin da ba ya jin kiɗa don addininsa nake nufi ba. Shi in aka tambaye shi zai ce ba ya ji, ya yi shiru, kuma wayarsa da bakinsa magana ɗaya suke yi. Wannan ina girmama shi. Wanda nake nufi shi ne mai fuska biyu. Babu zangon da ya wuce shi, babu sabuwar waƙar da ba ta kwana a wayarsa ba, ya san wace jaruma ce ta rame, wace ce ta sauya mota. Amma da an fara zancen gwanin shekara sai ya gyara hula ya ce 'yan fim sun lalata tarbiyya, ya kama sunan 'yar mutane ya yi ta kiran ta da kalmomin da in aka kira ƙanwarsa da su sai an zubar da jini. Ya sha romon, ya lashe kwano, sannan ya ce naman haramun ne.

Ko kobo bai taɓa biya ba wanda zai isa hannun masu aikin. A wurin mai turi yake kwasa da ɗan canji, sannan ya yi ƙorafin hoto ba kyau, labari ba zurfi. Bai damu ba cewa bayan kowane fim akwai mai ɗaukar hoto, mai haske, mai kwalliya, mai tace hoto, direba da mai dafa wa ma'aikata abinci, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Yarinyar da yake zagi, wataƙila ita ke sayen maganin mahaifiyarta, ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannenta. In ba ta yi aure ba, ya ce ta ƙi aure. In ta yi, ya fara ƙirga mata watanni. In auren ya mutu, shi ne na farko da zai yaɗa a Facebook, da "Allah ya shirya" a ƙarshe don a ce nasiha ya yi. Wanda yake ganin fim ɓarna ne, hanya a buɗe take: ya daina kallo. Wanda yake kallo kuma, ya ji kunyar Allah ya rufe baki, ko ya soki aikin ya ƙyale mutuncin mutane.

Na daina gardama da irinsa, domin gardamar ma daɗi take yi masa. Yanzu in ya fara, sai in bari ya kai tsakiya, in miƙa hannu a hankali in ce, "Malam, ara mini wayarka in duba wani abu." Har yau babu wanda ya miƙo.